Katako ɗaya ya tsage a tsakiyar sabon falo a Jos: yadda muka cire shi muka sa wani

Aikin nan can wajen Rayfield muka yi shi, gidan wani Alhaji ne da ya gama gini ya ce shi fa babban falonsa ba zai sa tayil ba, kuma duk wanda ya taɓa taka tayil da asuba a watan Janairu a garin nan ya san dalilinsa. Katako yake so. Ni kafinta ne, yawancin aikina ƙofa ne da kabad da rufin gida, shimfiɗa katako a ƙasa ba kullum ake samun mai so ba, amma na yi a gidaje da dama kuma gaskiya ina jin daɗinsa fiye da sauran ayyukan. Loko muka sa masa, wanda 'yan kudu suke cewa iroko, an gyaro shi tun daga inji, kaurinsa milimita 18, faɗinsa santimita 9, kowane katako gefe ɗaya yana da harshe ɗaya gefen yana da rami, mu a shago namiji da mace muke ce musu, wannan ya shige cikin wannan har a rufe ɗakin. Da gam muka manna shi a kan daɓen siminti, muka goge da inji, muka shafa banish sau uku. Ƙarshen Oktoba muka kwashe kayan aikinmu, lokacin ruwa yana shirin ɗaukewa.

Wata biyu bayan nan, ƙarshen Disamba, ina shago sai ga kiran Alhaji.

"Malam, kana ina? Ka zo ka ga aikinka."

"Ranka ya daɗe, lafiya dai ko?"

"Ka dai zo."

Da na je na tarar an kawo musu sabon firij, babba mai ƙofa biyu, 'yan dako suka biyo da shi ta falo za su kai kicin, a tsakiyar falon suka karkata shi don su juya, duk nauyin ya hau ƙafa ɗaya, sai suka ji ƙas. Katako ɗaya ya tsage ta tsawonsa, kusan kamu biyu, ta gefen mace, bakin ya ɗan nutse kuma wani siririn tsinke ya miƙe tsaye. Tsinken ne ma ya tada hankalin gidan don ƙaramar 'yarsu ta taka shi ba takalmi ya soke ta, Hajiya ta kife kwando a wurin kar wani ya sake takawa. Alhaji kuma ya riƙe kuɗin 'yan dakon ya ce sai an gyara.

Abu na farko da na yi, na durƙusa na danna bakin tsagar da babban yatsa. Ya yi ƙasa, na saki ya dawo. Toh nan gabana ya faɗi, saboda katakon da ya kwanta sosai a kan gam ba ya motsi ko kaɗan, ko an jefa masa abu mai nauyi iyaka ya lotsa ko ya kwarzane amma ba zai dinga lilo a ƙarƙashin yatsa ba, balle loko mai kaurin milimita 18. Na ciro makullin mashin ɗina na fara ƙwanƙwasawa daga nesa ina matsowa. Daga nesa sautin a toshe yake, tim tim, kana jin ƙasa a bayansa. Ina zuwa kusa da tsagar sai ya koma kaman ana buga ƙwarya a kife. Na karɓi alli wajen yarona na zagaye iyakar inda sautin yake canzawa, sai ga da'ira kaman faɗin babban faranti, ta kama katakon da ya tsage da rabin na damansa da ɗan gefen na hagunsa. Wato ƙasan wurin rami ne, katakon a rataye yake kaman gada, firij ɗin kawai ya zo ya nuna mana.

Alhaji yana tsaye a kaina, ya ce shi abin da yake so a cika tsagar da dusar katako da gam a goge a shafa banish, baƙi za su zo masa ƙarshen mako. Da a ce kwarzane ne ko ɗan lotsawa da hakan zan yi, kuma ba laifi ba ne, muna yi kullum. Amma tsagar da take motsi ba ta riƙe ciko, duk wanda ya taka sai ta buɗe ta rufe, kwana kaɗan cikon zai farfashe ya fito, tsinken ya sake tashi, kuma a gidan da yara suke yawo ba takalmi. Yarona ya kawo shawarar a yanke iya inda ya tsage a sa guntu, shi ma na ƙi, don guntu a tsakiyar falo ido yana kama shi daga bakin ƙofa, kuma ramin yana nan ba a taɓa shi ba. Na ce ranka ya daɗe sai dai a cire katakon gaba ɗaya a ga me ke ƙasa, kuma ba zai gamu kafin ƙarshen mako ba, a shimfiɗa darduma a kai baƙi su zo su tafi. Bai ji daɗi ba amma ya yarda. Na yanke tsinken da wuƙa na liƙe wurin da salatif kafin na tafi.

Kafin a taɓa zarto sai da muka fara da maganar katakon da za a sa, don shi ya fi cin lokaci. Alhaji ya ce ai sai a aika Kasuwar Katako a sayo ɗaya. Na ce ko an samu loko a can, danyen yanka ne, ba a gyara masa harshe da rami daidai da namu ba, kuma ba ka da tabbacin ya bushe. Dama duk aikin da zan yi ina sa a sayi ƙari kaman kashi 5 zuwa 10 cikin 100, na ɓarnar yanka da na irin wannan ranar, kuma na bar musu guda bakwai a sito. Muka je muka ɗauko, suna nan a naɗe cikin ledarsu yadda na bar su, a ɗaki mai duhu wanda ba a buɗewa.

Nan ne matsala biyu suka fito. Ta farko danshi. Katako yana shan laimar iska yana kuma sakinta, idan ya sha sai ya kumbura ta faɗinsa, idan ya saki sai ya tsuke, ta tsawo kam kusan ba ya motsi. Loko yana cikin waɗanda ba su cika motsi ba, amma hunturun Jos ba wasa ba ne, iskar da take tsaga leɓe da dunduniya ita ce dai take shiga falo. Na falon sun sha hunturu wata biyu sun ɗan tsuke, har in ka duba da kyau za ka ga siririn layi tsakaninsu wanda farce zai iya shiga. Na cikin leda kuwa suna nan da danshinsu na Oktoba, na sa na'urar auna danshi a jikinsu na sa a na falo, bambancin a fili yake. Da na ɗauki ɗaya na gyara shi daidai gurbin wanda ya tsage a ranar nan, bayan sati biyu zai tsuke shi ma ya bar gibi a gefensa wanda ya fi na kowa faɗi. Sai na zaɓi guda biyu waɗanda zanen jikinsu ya fi kama da na maƙwabtan, na cire su daga leda na ajiye su a cikin falon a kan 'yan sanduna don iska ta ratsa sama da ƙasa, na ce kar wanda ya taɓa su, kwana goma.

Ta biyu kala. Loko in an yanka shi sabo ruwan ɗorawa ne, haske ne yake mayar da shi ruwan ƙasa a hankali. Falon yana da manyan tagogi, na ƙasa sun riga sun fara duhu, na sito kuwa fes suke kaman jiya aka fere su. Alhaji da ya gani ya ce a shafa masa kala ya yi daidai da sauran. Wannan ma sai da muka ɗan ja. Na ce in na rina shi ya yi daidai da su yau, shi ma fa zai ci gaba da duhu da kansa a ƙarƙashin rinin, nan da wata shida shi zai fi kowa baƙi kuma wannan ba ya gyaruwa sai an kankare. In an bar shi zai kamo su da kansa. Abin da na yi kawai na matsar da sandunan kusa da taga inda haske yake shigowa amma ba inda rana take dukansa kai tsaye ba, kar ya lanƙwashe.

Ranar cirewa na ce Hajiya ta kwashe yara su koma ɗaya ɓangaren, don ƙurar loko tana da kaifi, tana sa atishawa da ƙaiƙayin ido, wasu har ƙirji take kama musu. Mu ma takunkumi muka sa. Na tambayi mai wayarin gidan ko akwai bututun waya a cikin daɓen wurin ya ce babu. Muka bi gefen katakon maƙwabta duka da salatif na takarda ninki biyu, muka shimfiɗa kwali inda injin zai zauna. Sai na saita zurfin zarton lantarki a jikin wani guntun da ya rage, na rage shi kaɗan ƙasa da kaurin katakon, don in haƙoran suka taɓa siminti sun dakushe kenan. Na ja layi biyu ta tsawon katakon, kowanne kaman santimita 2 daga baki, na yanka a hankali, ban kai ƙarshe ba na tsaya saura kaman yatsa uku ta kowane kai, saboda faifan zarto zagayayye ne, ta sama yana riga ta ƙasa isa, in ka ce sai ka kai ƙarshe ka ci katakon gaba. Sauran da cizal mai kaifi na ƙarasa, ina bugawa kaɗan kaɗan fuskar cizal ɗin tana kallon cikin wanda za a jefar. Na yanka tsakiyar a karkace gida biyu, na sa cizal na ɗaga.

Ta kai da kai ya yi gardama sosai, gam ya kama, sai da ya fito a ɓalle-ɓalle. Amma tsakiyar da hannu na ɗaga ta, ba ta ko yi ƙara ba. Na juya bayanta, fes, ko ɗigon gam babu. A ƙasa kuma ga gam ɗin nan a tsaye layi-layi yadda cokalin mai haƙora ya ja shi, kaman kunyoyin gona, ya bushe yana sheƙi, ba abin da ya taɓa danne shi. Na kankare shi na ɗora miƙaƙƙiyar sandar alminiyam a cikin ramin na haska fitilar waya ta bayanta, haske ya wuce ta ƙasa. Na auna, wurin da ya fi zurfi ya kai milimita 6. Ƙa'idar da muke bi ita ce daɓe kar ya kauce fiye da milimita 3 a tsawon mita 2.

Na san yadda aka yi, tun ina durƙushe a wurin na tuna. Lokacin da katakon ya iso na sa an jibge shi a tsakiyar falon ya sha iskar ɗakin kafin mu fara, na bi daɓen da sanda ta jikin bango da bakin ƙofofi da duk inda ba kaya, inda ya yi tudu muka goge, inda ya yi kwari muka cike. Tulin yana nan a tsakiya muna ɗiba muna aiki, ranar da muka iso wurin ya ƙare, muka share muka shafa gam muka wuce, ba wanda ya mayar da sanda wurin. Magini ne ya bar kwarin, amma ni na karɓi daɓen na ce ya yi, kuma ni na rufe shi. Na kira Alhaji na nuna masa bayan katakon da hasken da yake wucewa, na ce ranka ya daɗe a ba 'yan dakon nan kuɗinsu, sun yi ganganci da suka karkata firij ba su shimfiɗa komai ba, amma da ƙasan a cike yake da iyaka ya lotsa. Gyaran nan a wuyana yake.

Ya yi shiru yana kallon ramin, sai ya ce, "To Malam, wa zai tabbatar min sauran falon ba haka yake ba?"

Tambayar tana kan hanya. Ni da yara biyu muka raba falon gida uku muka bi shi da gwiwa, katako bayan katako muna ƙwanƙwasawa, ya ci mana har bayan la'asar. Muka samu wuri biyu ƙanana, ɗaya kusa da ƙofar ɗakin cin abinci ɗaya a gindin taga, kowanne bai fi tafin hannu ba. Na kusa da ƙofa yana ɗan motsi, shi na huda masa ƙaramin rami na ɗura gam har ya cika, na toshe da ɗan tsinken loko da na fere na goge. Na gindin taga ba ya motsi kuma ba a bi ta wurin, na bar shi na rubuta a littafina.

Komawa kan babban ramin, sai da muka fara zare gefunan da suka rage. Gefen mace ya fito da sauƙi, ana ture shi ciki ya rabu da harshen maƙwabcinsa. Gefen namiji ya fi son haƙuri don harshensa yana cikin ramin maƙwabci, in ka ɓanɓare shi sama ka fasa leɓen katako mai lafiya, sai dai ka dinga jawo shi a kwance. Muka kankare tsohon gam har siminti ya fito, muka bi cikin ramin maƙwabcin da bakin ƙusa muka fitar da duk wani ɓarɓashi, muka zuƙe ƙurar da inji. Tunda gefe a buɗe yake sai na yi amfani da damar, na sa bindigar silikon mai dogon baki na tura gam ƙarƙashin maƙwabtan nan biyu har iyakar allin da na zana, sai da ya fara dawowa na tsaya. Washegari na rufe gefunansu da leda kar su sha ruwa, na kwaɓa garin da ake lebur ɗin daɓe da shi na cike kwarin na daidaita. Shi ma sai da muka jira shi. Bayan kwana uku na liƙa 'yar leda a kai ta kwana, da safe na ɗaga na ga wurin ya ɗan yi duhu alamar akwai sauran laima, muka ƙara kwana biyu na sake gwadawa, ya fito a bushe.

Sabon katakon kuma akwai wani abu da mutane suke mantawa. Falon an goge shi da inji bayan shimfiɗawa, ya ragu kusan milimita 1 ta sama, shi kuwa na sito yana nan da cikakken kaurinsa. In ka rage shi ta ƙasa harshensa ba zai hau daidai ramin maƙwabci ba, dole ta sama za a rage. A shago na yi wannan, ina gogewa ina gwadawa da guntun tsohon da na cire, har suka zo daidai in ka shafa yatsa ba ka jin tudu. Na yanke tsawonsa cif, na juya shi na yanke leɓen ƙasa na gefen mace, ta tsawo da ta kai, don ba yadda za a yi katako ya shiga tsakanin huɗu da suke a kafe in ba a cire wannan leɓen ba, na ɗan fere ƙasan bakin a karkace don ya sauka ba tare da ya ciji na kusa ba. Sannan na shafa masa banish ɗin da muka yi aikin da shi tun farko, sau uku, ina bin sa da samfefa mai laushi tsakanin shafawa. Gara a gama masa komai a waje, don in ka ce za ka goge shi a cikin falo sai ka ci banish ɗin maƙwabta, daga nan kuma sai gyara ya zama faci mai faɗi.

Na gwada shi sau biyu ba gam. Na farko ya ɗan matse ta kai, na rage. Faɗin kuma ban sa shi ya matse ƙam ba, na bar masa irin siririn layin da sauran suke da shi, saboda a tsakiyar hunturu muke, damina tana zuwa kowa zai kumbura ya nemi wuri. Na shafa gam a ƙasa da cokali mai haƙora, na ɗan zizara farin gam a kan harshen maƙwabcin inda leɓen sama zai kwanta, na soka harshen sabon a karkace cikin ramin ɗaya gefen, na saukar da shi a hankali, na ɗora guntun katako a kai ina bugawa da guduma daga wannan kai zuwa wancan har ya zauna. Gam ɗin da ya tsatso muka goge nan take kafin ya bushe. Muka shimfiɗa tsohon bargo da kwali, muka ɗora buhun siminti biyu, kilo 50 kowanne, muka kewaye da kujeru. Kwana ɗaya cur ba wanda ya taka.

Da muka ɗauke buhunan na ƙwanƙwasa da makullin nan, tim tim daga kai har kai, maƙwabtan ma haka. Kalar kam ana gani, ya fi sauran haske, in ka shigo daga ƙofa idonka zai je wurin, Hajiya ma ta faɗa ba ta ɓoye ba. Na ce a yi haƙuri kar a rufe shi da darduma, a bar haske ya yi aikinsa. Na kawo musu ƙyallen da ake mannawa a ƙafar kujera muka bi kujerun falon duka, na kuma ce duk ranar da za a sake wucewa da abu mai nauyi a shimfiɗa filawud tukunna. Daga kiran Alhaji zuwa ranar nan kusan sati uku aka yi, aikin hannun a ciki bai fi na kwana biyu ba, sauran duk jira ne.

Na koma a watan Yuni ana tsakiyar ruwa. Layukan da suke tsakanin katakon duk sun rufe, sabon bai tashi ba bai kumbura ya ture na kusa ba, kalarsa ta matso sosai sai da na ɗan duba kafin na gane shi, ta gefen taga in rana ta faɗo ne kawai ake ganin ya ɗan fi su haske. Ragowar guda shida na sa an fitar da su daga leda an jera su a saman kabad a cikin gida. Wurin gindin tagar nan har yanzu yana ƙarar ƙwarya amma bai motsa ba, na ce wa Alhaji zan dawo in duba shi in hunturu ya shigo.